Yadda Ake Kewaya Tsaunukan Kapsiki da Ƙafa a Yini Guda

Tsaunukan Mandara sun miƙe tsawon kimanin kilomita 200 a kan iyakar Kamaru da Najeriya, tun daga kusa da kogin Binuwai a kudu har zuwa wajen Mora a arewa. A cikinsu ne ƙasar Kapsiki take, a ɓangaren Kamaru, inda garuruwan Mogode da Rumsiki suke zaune a kan wani faffaɗan tudu mai tsayin kimanin mita 1,000 daga doron teku. Abin da ya fitar da sunan yankin shi ne dogayen duwatsun nan masu tsini da ke tsaye ɗaiɗai a cikin kwari, waɗanda asalinsu narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron tsaunuka masu aman wuta, sannan ruwa da iska suka yi shekaru miliyoyi suna cinye ƙasar da ta lulluɓe su. Mafi shahara a cikinsu, wanda ke daura da Rumsiki, tsayinsa mita 1,224 ne daga doron teku. Waɗannan masu tsinin sai mai igiya da ƙusoshi da horo na musamman, domin bangonsu a miƙe yake. Mai tafiya da ƙafa doron tsaunukan da ke kewaye da su yake bi, daga wannan ƙololuwa zuwa waccan, inda ake hangen kwarin gaba ɗaya.

Kewaye ya bambanta da hawan da ake saukowa ta inda aka bi. Wanda ya hau ya sauko ta hanya ɗaya, duk inda ƙarfinsa ya ƙare zai juya, kuma ya riga ya san ƙasar da zai taka a komawa. Mai kewaye kuwa, daga fitarsa gari har shigowarsa sabuwar ƙasa yake takawa, kuma akwai wani wuri a tsakiyar hanyar wanda da zarar ya wuce shi, komawa baya ta fi ci gaba tsawo. Shirin tafiyar duka a kan wannan wuri yake rataye: a san inda yake tun kafin a tashi, a san ƙarfe nawa ya kamata a isa shi, a kuma san yawan ruwan da ya kamata ya rage a jaka idan an isa.

Tsaro da izini

Tun daga watan Fabrairun 2013, lokacin da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga, sannan hare-haren Boko Haram suka tsananta a shekarun da suka biyo baya, yawon buɗe ido a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ya ja da baya ƙwarai. Yankin Mayo-Tsanaga, wanda Mokolo ce hedikwatarsa, ba duka ne halinsa ɗaya ba, domin ɓangaren arewa, wajen Turu da Mayo-Moskota, ya fi ƙasar Kapsiki ɗanɗana wannan masifa. Dutsen Upay, wanda ya fi kowane tsayi a Mandara da mita 1,494, da tsoffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2025, duka a arewacin Mokolo suke, saboda haka kada sha'awa ta ja ka can sai da izini ƙarara daga hukuma. Ko a Kapsikin ma, labarin bara ba ya amfani a bana. Ka je wurin jandarmomi a Mokolo ko Mogode da katin shaidarka a hannu, ka faɗa musu ranar da za ku fita, yawanku da ɓangaren da za ku bi, sannan ka kai gaisuwa wurin lawanin garin da za ku tashi daga ciki. Idan aka ce a dakata, a dakata ɗin. Dutsen Tingilin da ke arewacin Garwa, da dutsen Ngaundere, da Hosere Vokre mai mita 2,049 a kusa da Poli, duka wurare ne da wannan tsari zai yi aiki, kuma can ma sai an yi tambaya.

Akwai kuma batun iyaka. Tun ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ƙasar da ake hangowa ta yamma ta zama Najeriya, jihar Adamawa a yau, amma babu shinge babu katanga, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, waɗanda a wajen Michika ake kira Higi ko Kamwe. Ɗan ƙasa yana ratsawa zuwa kasuwa ko gona ba wanda zai kula, amma baƙo mai jaka a baya yana duba taswira a waya, idan sojoji ko 'yan sintiri suka ci karo da shi a ɗaya ɓangaren, bayanin zai yi masa tsawo. Tun farko ka gaya wa jagora cewa kewayen ya tsaya a cikin Kamaru.

Wane wata ya dace

Damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da ƙasar ta fi kyau a ido, amma ita ce ta fi haɗari: duwatsu suna santsi, tsawa tana sauka a kan tudu, rafin da ka tsallake a bushe da safe yana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi a wani wuri da ba ka gani ba, ga hanyar mota daga Mokolo tana lalacewa. Maris da Afrilu kuwa zafi ne da ke haura digiri 40 a Marwa, kuma ko da yake kowace mita 1,000 ta tsayi tana rage zafin da kimanin digiri 6, hakan bai isa ya sa tafiyar awa takwas ta zama hankali ba. Abin da ya rage shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. A ganina Nuwamba ta fi, domin ruwa ya ɗauke, iska ta wanke, hazon hunturu bai riga ya sauka ba. A Janairu sanyi yana taimaka wa ƙafa, amma mutum yana iya shan wahalar hawa ya isa ƙololuwa ya tarar ƙura ta rufe komai, ko dutsen da ke gabansa ba ya gani sosai. Aibin Nuwamba shi ne doguwar ciyawa da ke ɓoye hanya da ramuka, da kuma wutar daji da ake fara sakawa bayan girbi. Ba a yin wannan tafiya da azumi a baki.

Jagora da lissafin hanya

Daga Marwa zuwa Mokolo kimanin kilomita 80 ne a kan kwalta, daga nan zuwa Rumsiki kuma kimanin 50 a kan hanyar ƙasa mai gargada, wadda ke cin lokaci fiye da yadda tsawonta ya nuna. A isa tun jajibiri a kwana, domin a sami yammacin zama da jagora. Jagoran ya kasance ɗan garin ne wanda lawani ko masaukinku ya san shi, mai jin Kapsikanci da Fulatanci, ko da Hausarsa ba ta nuna ba. A gama maganar kuɗinsa, da abincinsa, da ladan mai ɗaukar ruwa idan za a ɗauka, tun kafin a kwanta.

Wannan zaman shi ne rabin tafiyar. Ka sa ya zana maka kewayen a ƙasa da tsinke, ya nuna kawunan da za a hau, da wuyan tsauni, wato inda doron ya lotsa tsakanin kawuna biyu, da ƙauyuka da rijiyoyi. Idan ya ce wuri kaza awa biyu ne, ka sani da ƙafarsa ya auna, shi da ya tashi yana kai wa mahaifinsa ruwa a gonar kan dutse, don haka ka ƙara rabin abin da ya faɗa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: "Malam, idan ɗayanmu ya yi targaɗe a can sama, ta ina za mu sauko da shi, kuma ina ne mashin zai iya iso mu?" Kewaye mai kyau yana da irin waɗannan mafita aƙalla biyu, ɗaya kafin tsakiya, ɗaya bayanta. Wanda ba shi da ko ɗaya, a bar wa waɗanda suka saba.

Daga nan sai lissafin lokaci. Akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kawo a 1892, wadda har yau ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ɗauka, don misali, kewayen kilomita 15 ne, kuma idan aka tara dukan hawan da ke cikinsa ya kai mita 900. Nisan ya ba da awa uku, hawan ya ba da awa ɗaya da rabi, jimla huɗu da rabi. Amma ƙa'idar ta ƙaƙƙarfan mutum ce a ƙasa mai sanyi, ba ta san rana da tsakuwa da ƙaya ba, saboda haka a mayar da ita awa shida da rabi, a ƙara hutun minti goma a kowace awa da zaman cin abinci da salla, sai ga shi an kai awa takwas da wani abu. A waɗannan watanni rana tana fitowa tsakanin misalin ƙarfe 6 da 6 da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, a Nuwamba ma kafin nan, kuma duhu ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Wanda ya tashi bayan sallar asuba da ɗan haske ya fara bayyana zai dawo wajen ƙarfe 2 da rabi, yana da rarar awa uku ta ko-ta-kwana. Wanda ya tsaya shan shayi har ƙarfe 9 ya cinye rarar tun bai bar gari ba.

A kula da tara hawan, domin nan mutane suke ruɗuwa. Tsayin ƙololuwa ba shi ne abin lissafi ba. A kan doron tsauni ana hawa a sauka wuya a sake hawa, kuma kowace saukar mita 100 bashi ce da za a biya a gaba. Wani abu kuma da ya keɓanta da Rumsiki shi ne garin a sama yake, a bakin tudu, saboda haka kewayen da ya ratsa ta kwari da gangara yake farawa, ya ƙare da hawa, a daidai lokacin da ƙafa ta gaji kuma rana ta take. Idan da hali, a juya kewayen ta yadda hawa mafi tsanani zai faɗo da safe, saukar da ta fi sauƙi ta zo daga baya. Gefen dutsen da ke fuskantar yamma yana cikin inuwa da safe, wanda ke fuskantar gabas kuma da la'asar, kuma jagora nagari zai san yadda za a ci moriyar wannan.

A ƙarshen zaman a yanka ƙa'ida wadda kowa ya ji da kunnensa: idan ƙarfe kaza ya yi ba mu kai wurin nan na tsakiya ba, ko muka kai amma ruwanmu bai kai rabi ba, za mu juya ko mu bi mafita. A misalin da ya gabata, ƙarfe 10 da rabi ne. Dalilin yanke ta da dare shi ne a kan dutse, da ƙololuwa a gaban ido, babu mai son ya zama shi ne ya fara cewa a koma.

Jiki da kaya

Tsayin Mandara bai kai inda ƙarancin iska ke kama mutum ba, domin wannan yakan fara ne daga wajen mita 2,500, kamar yadda masu hawan Emi Kusi na Chadi mai mita 3,415 suke fuskanta. Abin da ke kayar da mutum a nan zafi ne da gwiwa. Mako huɗu zuwa shida kafin tafiyar a riƙa fita sau uku a mako da jaka mai nauyi a baya, a hau duwatsun da ke gefen Marwa ko Garwa, ko matakalar bene idan babu dutse, kuma a ba sauka muhimmanci daidai da hawa. Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya fara ganin likita.

Ruwa shi ne babban kaya. Mafi ƙaranci rabin lita ga kowace awa ta tafiya, wato lita huɗu ga kowane mutum, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, abin da ya sa ɗaukar ɗan dako ba almubazzaranci ba ne. A raba shi a gora uku ko huɗu maimakon jarka ɗaya, don idan ɗaya ta fashe kada a rasa duka, don kuma a riƙa ganin yadda yake raguwa. Gora ɗaya a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a dogara da rijiyar da aka ce tana kan hanya sai jagora ya gan ta da ruwa a cikin makon, kuma ruwanta sai an jefa ƙwayar tsarkake ruwa. Game da alwala, a tanadi ƙaramar gora ta daban, ko a tambayi malami hukuncin taimama ga wanda ruwansa na sha ne kaɗai, tun a gida.

Abinci ya zama marar nauyi wanda ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, burodi, da fura idan za a sha ta kafin hantsi ya yi nisa. Kilishi a ɗan taɓa kawai, domin yajinsa yana kiran ruwa. Takalmi ya kasance rufaffe mai ƙasan roba mai tsaga-tsaga, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri da wata ta canji, kuma a yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin tafiya, in ba haka ba gangara za ta mayar da shi baƙi. Za ka ga 'yan ƙasar suna tsalle a kan duwatsu da silifa ko takalmin taya, amma kada ka gwada. Sauran kayan su ne dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, riga mai dogon hannu marar nauyi, rigar sanyi don asuba da iskar ƙololuwa, malafa ko rawani, man kaɗanya don leɓe, sanda mai ƙwari, tocila ko da ana sa ran dawowa da rana, usur, bandeji da filasta da maganin ciwon jiki. A sauke taswirar yankin a waya ta manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps tun a Marwa, a tafi da batirin ƙari, kuma a sani layin MTN ko Orange yana ɗaukewa a kwari, a kusa da iyaka kuma waya takan kama layin Najeriya. A bar wa mai masauki sunayen matafiya, da hanyar da za a bi, da lokacin da idan ya wuce ba a dawo ba zai sanar da lawani da jandarmomi.

A kan hanya

Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa kai tsaye, mai ƙarfi kuma a ƙarshen layi, ba ya wuce kowa. Ayarin da ya fi dacewa mutum uku zuwa shida ne. Awa ta farko ita ce ake ɓarnar ƙarfi, saboda sanyin safiya da zumuɗi, don haka a riƙe tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta ba tare da haki ya yanke masa zance ba. A kan hawa a gajarta taku, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, a bi hanya a karkace hagu da dama maimakon a fuskanci dutsen kai tsaye. A sha ruwa kurɓi biyu ko uku kowane minti ashirin tun ƙishi bai zo ba, a ci ɗan abu kowace awa. Duk wanda ya ji wani wuri a ƙafarsa yana zafi ya tsaya a manna filasta nan take, kafin ya zama bororo.

Tsaunukan nan gidajen mutane ne da gonakinsu. Hanya za ta ratsa ta matakalan gona da aka gina da dutse ba tare da laka ba, aikin da ke riƙe ƙasa da ruwa a kan gangare, kuma wanda mutanen Mafa na wajen Mokolo suka fi shahara da shi. A taka inda jagora ya taka, kada a bi ta kan leɓen ginin, domin dutse ɗaya da ka ture aikin yini ne ga mai gonar. Idan aka iske dattijo yana aiki a tsaya a ce, "Sannu da aiki, Baba," a bar jagora ya yi sauran gaisuwar da harshensu, kuma ba a ɗaukar hoton mutum ko gida sai an nemi izini. Shingen ƙerana da ke kewaye da wasu gidaje kada a karya shi, domin farin ruwansa yana ƙona fata, a ido kuma ya fi muni. A kan wasu kawunan akwai kufai da kaburbura da wuraren tsafi, saboda kakannin mutanen nan a sama suka zauna don tsira daga mahara masu kamun bayi, irin su Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20. Wannan tarihi bai yi nisan da za a manta ba, kuma baƙon da ya zo da Hausa ko Fulatanci a baki ya kamata ya san da shi, ya kame harshensa daga sunayen raini da aka saba jifan mutanen dutse da su. Inda jagora ya ce ba a hawa ko ba a zama, ba a neman dalili.

Da an fito kan doro, tafiyar ta canza. Iska tana ƙaruwa, inuwa tana ƙarewa sai ɗan itacen hano nan da can, hanya tana ƙuntata, wani wurin gangare ne ta hagu da dama. A ɗaure malafa, a matse igiyoyin jaka don kada ta yi lilo, a bar tazarar taku huɗu ko biyar tsakanin mutum da mutum. Inda sai an sa hannu, a miƙa sanda ga na gaba, a tabbata gaɓoɓi uku suna riƙe da dutse kafin a motsa na huɗu, a girgiza kowane dutse kafin a ɗora masa nauyi, kuma kada a cusa yatsu a tsagar da ido bai gani ba, domin nan kunama da maciji suke fakewa. Irin wannan wuri mutum ɗaya ne yake wucewa a lokaci guda, sauran su tsaya a gefe, ba a ƙarƙashinsa ba. Wanda ya ture dutse ya ɗaga murya ya ce "Dutse!" ko da yana ganin ba kowa a ƙasa. Mai jin jiri ya zauna, ya kalli inda ƙafarsa za ta sauka, ya bar kallon kwari sai ya sami wuri mai faɗi. Kallo da ɗaukar hoto a tsaye cak ake yin su. Idan aka ji ƙugin zuma a cikin kogo, a wuce shiru a nesa, kuma turare mai ƙarfi ba na wannan rana ba ne.

Doron tsauni yana da yaudara guda: sau da yawa abin da kake gani a matsayin ƙololuwa kafaɗa ce kawai, sai ka hau ta ka ga wani kan a bayanta. Kada a ƙarar da ƙarfi don an hango ƙarshe, a tambayi jagora kawuna nawa suka rage. A ƙololuwar gaskiya a sa rigar sanyi kafin gumi ya bushe, a ci abinci, a ba ido haƙƙinsa: duwatsu masu tsini a warwatse a cikin kwari, gidaje masu rufin ciyawa a manne da gangare, da filayen Najeriya ta yamma idan iska ta yi kyau. Minti ashirin zuwa talatin sun isa, fiye da haka ƙafa tana sandarewa.

A wurin nan na tsakiya kowa ya fito da gorunansa a gani da ido, a duba agogo, a dubi fuskar wanda ya fi gajiya. Kada a tambaye shi ko zai iya, domin kunya za ta sa ya ce zai iya. A lura ko yana tuntuɓe, ko ya daina magana, ko ya ƙi abinci. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan daren jiya ya faɗi, a bi mafita gaba ɗaya, ba a raba ayari biyu alhali jagora ɗaya ne. Haka kuma idan hadari ya taso a ƙarshen damina: sauti yana cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar doron nan take, a guji itace tilo da bakin kogo. Idan hayaƙin wutar daji ne a ƙasa, a tuna wuta ta fi gudu idan tana hawa, a kauce ta gefe zuwa fili mai dutse ko inda ya riga ya ƙone.

Sauka ta fi hawa jikkata mutane, domin tana zuwa ne bayan gajiya, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Kafin a fara a sake ɗaure takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba. A ɗan lanƙwasa gwiwa, a gajarta taku, a sa sanda a gaba, kada a jingina baya. Mafi munin wuri shi ne falalen dutse da ɓarɓashin tsakuwa ya rufe, wanda yake kamar an watsa gero a kan siminti. A nan a nemi inda dutsen yake tsirara a taka, ko a juya gefe a sauka a karkace, ko a zauna a ja jiki, ba abin kunya ba ne. Kada a yanke hanya ta cikin kwazazzabo don an hango gari a ƙasa, domin yawancinsu suna ƙarewa ne a bakin gangaren da ba ya saukuwa, sai an sake hawowa.

Idan wani abu ya faru

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar nama alamun zafi ne ya fara cin mutum. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kuma tafiyarsa ta ƙare ke nan sai mafita. Idan ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, abin ya kai ga rai: a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, a aika a kira mashin ko mota zuwa asibitin Mogode ko Mokolo, kuma ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. Targaɗe a ɗaure shi da bandeji, a raba kayan mai shi, a sauka a hankali. Wanda ya faɗo ya bugu a kai ko baya, ba a ɗaga shi da gaggawa.

Saran maciji yana buƙatar a yi bayaninsa dalla-dalla, domin kububuwa ta yi yawa a arewacin Kamaru, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda mutum zai ga kamar ya samu sauƙi a ranar farko, jini ya ɓalle masa daga baya. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar da igiya ko roba, ba a ɓata lokaci wurin neman macijin. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin idan da hali maimakon ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Sanin wane asibiti ne yake da ita yana cikin tambayoyin da ake yi tun a Mokolo. Wanda ya ɓace wa ayari kuma ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake.

Da an shigo gari a fara sanar da mai masauki da jandarmomi cewa an dawo, don kada a tashi mutane nema. A sallami jagora da ɗan dako a gaban juna bisa abin da aka yi alkawari, a zubar da robobi da ledojin da aka dawo da su a inda ya dace, a wanke ƙafa a duba ƙaya da bororo da kaska. A ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi fari, a sake kwana a garin maimakon a kama hanyar Mokolo da dare. Ciwon cinya na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, amma zazzaɓin da ya biyo baya cikin mako biyu a kai shi gwajin maleriya.